Tambaya da Amsa: Furosesar gwaji mai arha, in sa wa laftof ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof ThinkPad T440p mai furosesa i5-4300M, da ita nake haɗa bidiyon biki da na suna, ga shi ta fara jan ƙafa. Wani mai shago a Tip Toe Lane, nan Circle, ya nuna mini wata i7 mai ƙwaƙwalwa huɗu a rabin kuɗin saura. A jikinta an rubuta "Intel Confidential". Ya ce wadda kamfani ke gwaji da ita ce, wai ta ma fi ƙarfi. In saya?
Mai karatu daga Nima, Accra

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bar kuɗinka a aljihu tukuna.

Wannan ita ce 'yan kasuwa ke kira ES, wato samfurin gwaji (engineering sample). Intel kan ba masu ƙera kwamfuta aron irinta su gwada kafin kaya su fito kasuwa. Har gobe mallakar Intel ce, ba ta sayarwa ba ce, kuma ba ta da garanti. Dubi lambar da ke jikinta: ta gwaji tana farawa da Q, ta kasuwa ta zamanin laftof ɗinka tana farawa da SR. In an ɗora ta aka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa, sau da yawa ba za ka ga sunanta ba, sai "Genuine Intel CPU 0000".

Zancen ta fi ƙarfi kuwa, bakin ciniki ne. Samfurin farko yakan zo da gudu ƙasa da na kasuwa, da kurakuran da aka gyara daga baya. Babbar matsalar tana wajen BIOS, wato manhajar da ke tada laftof kafin Windows ta hau. Kowane zubi na furosesa yana da gyare-gyaren da BIOS ke loda masa lokacin tashi, kuma BIOS ɗin da ke laftof ɗinka an rubuta shi ne don zubin kasuwa. In bai gane ta ba, ka danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Wannan ma da sauƙi, don nan take ka san matsayinka. Mafi ciwo ita ce wadda za ta tashi lafiya a shago, sai ka kai rabin fitar da bidiyon amarya ta daskare, ko ta ƙi farkawa bayan ka rufe murfi. Akwai wadda ake kira QS, zubin ƙarshe dab da fitowa, wadda galibi daidai take da ta kasuwa. Amma mai shago zai iya kiran kowace QS, kai kuma ba ka da hanyar tantancewa a tsaye bakin titi.

Ka yi sa'ar na'ura. T440p tana da soket G3, wato gurbin da ake cire furosesa a sa wata, na jerin furosesar Intel na huɗu da ya fito a 2013, kuma daga shi Intel ta koma manne furosesar laftof da dalma. Saboda haka nemi tsohuwar ta kasuwa da aka ciro daga wata laftof, mai MQ a ƙarshen suna. Mai HQ ta manne ce, ba za ta shiga ba. Ni i7-4702MQ ko 4712MQ zan zaɓa maka: ƙwaƙwalwa huɗu, kuma wat 37 suke ci, daidai da cin wutar wadda kake da ita. Su 4700MQ da 4800MQ wat 47 suke ci. Za su yi aiki, amma da zafin Accra da ƙurar hunturu a fanka, za su riƙa rage gudu da kansu don kada su ƙone, kuma cajar wat 65 ba za ta wadace su ba, sai ta 90 zuwa sama.

Wajen sawa, fara sabunta BIOS da tsohuwar furosesar, batir a cike saboda ɗauke wuta. Cire caja da batir, kwance murfin ƙasa, sannan kusoshin ƙarfen sanyaya. Soket ɗin yana da ɗan makulli da ake juyawa da sukurudireba. Daidaita alamar kusurwa uku ta gefen furosesa da ta soket, ka sake ta ta zauna da kanta. In ka danna, ƙafafun za su lanƙwashe. Goge tsohon man sanyaya tas, ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗaure kusoshin bi da bi yadda aka jera lambobinsu. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, CPU-Z ta nuna cikakken suna, an kuma ba ta aiki mai nauyi na rabin awa kana kallon zafinta.

Ba ka faɗa mini ko har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki ba. In shi ne, faifan SSD mai sauri da RAM ɗin DDR3L har gig 16 su za su fara cin sidinka kafin furosesa. Kuma ko wace i7 ka sa, ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga Windows 10 an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, don haka kada ka zuba wa wannan na'urar abin da ya kai kuɗin wata laftof ɗin.