Tambaya da Amsa: Me Kwamfuta Ke Dubawa a Aikin Ramin Ƙarƙashin Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum ina bi ta gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura. Na ji an ce a manyan ramukan da ake haƙawa cikin dutse, kwamfuta ce ke duba ingancin aiki. Me take dubawa? Daga ɗalibin koyon gini, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Irin ta Ƙofar Ƙaura daga sama ake tone ta, ido na ganin komai. A ramin dutse kuwa, da zarar an fesa kankare a bango da rufi don riƙe dutsen, abin da ke baya ya ɓuya.

Shi ya sa bayan kowace fasa dutse ake kafa na'urar lesa, mai awo da haske, a kan ƙafa uku, ta auna bango da rufi cikin 'yan mintoci. Kwamfuta ta gwada awon da zanen injiniya, ta nuna inda haƙa ta zarce da inda ta gaza. Bayan feshi a sake aunawa, bambancin shi ne kaurin kankaren. Idan zane ya ce santimita 15 aka samu 9, a ƙara feshi nan take. Rufi ya fi samun ƙarancin kauri, domin wani kason kankaren yakan faɗo ƙasa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne motsin dutsen. Ana kafa ƙananan madubai, galibi biyar, kewaye da ramin, safiyo ya riƙa auna matsayinsu da na'ura kullum, ya ga milimita nawa suka gusa. Motsin da ke raguwa ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ƙaruwa kwana bayan kwana kuwa, a dakatar da haƙa, a ƙara dogayen rodi masu riƙe dutse. Babban kuskure shi ne jinkirta awon farko, domin dutse ya fi motsi daf da inda aka haƙa. Wanda ya makara zai ga lamba ƙarama, ya zaci lafiya lau. Ƙura a kan madubi, ko mota ta buge shi, su ma suna kawo lambar ƙarya.

Ƙarfin kankare kuma har yanzu sai an ciro samfuri an matse shi a kwana 28, a shigar da sakamakon tare da wuri da kwanan wata.

Da awon safiyo na tsanaki ne a ramin Gotthard na ƙasar Suwizalan, mai kilomita 57, masu haƙa daga ɓangare biyu suka haɗu a 2010 da saɓanin santimita 8 kacal ta gefe.