Tambayi likita: Ƙafa ce ke tuƙa kekunan nan, ko allura?

Wasiƙun wannan makon kusan duka a kan tseren keke da ƙwayoyin ƙara kuzari suka zo. Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Tambaya: Likita, barka da aiki. A gasar Tour de France ta 2024, babban tseren keke na ƙasar Faransa, na ga Tadej Pogačar ya hau tsaunin Plateau de Beille, ya rage fiye da minti uku a kan lokacin da Marco Pantani ya kafa a 1998, zamanin da ƙwaya ta yi katutu a wasan. Tsakani da Allah, jikin ɗan Adam zai iya haka ba da taimakon magani ba?

Amsa: Ɗan uwa, ban ga laifinka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu, kuma masu kallon tseren keke sun sha sara. A 1998 aka tare motar wani ma'aikacin ƙungiyar tseren keke ta Festina, Willy Voet, a kan iyakar Beljiyam da Faransa, maƙare da allurai. Wannan abin kunya ne ya kai ga kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, a 1999. A shekarar ce kuma Lance Armstrong ya fara cin gasar Tour de France, ya ci sau bakwai a jere har 2005, yana bugun ƙirji cewa gwaji bai taɓa kama shi ba. Sai a 2012 aka ƙwace masa kofunan, a 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa a talabijin. Saboda haka in aka ce maka "ai an gwada shi, ba a ga komai ba", kana da hujjar ɗaga gira.

Amma ni likita ne, kuma ba a duba mara lafiya ta gilashin talabijin. Agogo ba gwajin jini ba ne. Saurin hawan tsauni ya dogara da iska, da zafin rana, da yadda aka yi tseren tun safe, da yawan abokan tafiyar da suka tare wa mutum iska kafin ya ɓalle shi kaɗai. Ga kuma abin da ya sauya tun 1998. Da, 'yan tsere kan isa gindin tsauni na ƙarshe ciki ya kusa zama fanko. Yanzu suna cin giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa suna kan keke, bayan sun horar da hanjinsu ya saba ɗaukar hakan. Tayoyi, tufafi da surar keken kanta duk an gyara su don rage jan iska. Suna kuma shafe makonni suna kwana a kan tsaunuka, abin da ke sa jiki ƙara jini da kansa, kuma doka ba ta hana ba.

Shin waɗannan sun isa su cike minti uku? A ganina sun cike wani kaso mai yawa, sauran kuwa ba agogo ne zai warware shi ba. Gwaji bai taɓa kama Pogačar ba, ba a kuma samu shaidu ko ledojin jini ko saƙonnin waya da suka nuna shi ba, alhali irin waɗannan ne suka kayar da na baya. Ana iya ajiye samfurin fitsari da jini har shekara goma a sake gwadawa da sabbin na'urori. Ka riƙe tambayarka, amma kada ka mai da ita hukunci. Zato zunubi ne, in ji magabata, ko da ya zama gaskiya.

Tambaya: Likita, mahaifina yana wankin ƙoda, ana yi masa allurar EPO duk mako. Na ji an ce ita ce allurar da ta lalata 'yan tseren keke. Mu dakatar da ita?

Amsa: A'a, 'yar uwa, kada ku dakatar. Allah ya ba Baba lafiya. Don irinsa aka yi allurar, 'yan tsere ne suka sace ta.

EPO sinadari ne da ƙoda ke fitarwa, ya tafi ɓargo ya umarce shi ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka. Idan ƙoda ta gaza, sinadarin ya ragu, sai jini ya yi ƙasa, mutum ya rinƙa haki ko da tafiya zuwa banɗaki. A 1989 aka fara amfani da wanda aka haɗa a masana'anta a Amurka, kuma ya raba ɗimbin masu ciwon ƙoda da yawan ƙarin jini.

Bambancin yana nan. A wajen Baba, ana ɗaga jinin da ya faɗi ne zuwa kusa da daidai, ba ma a bari ya kai na mai lafiya. Ɗan tsere kuwa jininsa cike yake, sai ya ƙara a kan cikakke. Abin da muke kira PCV a asibiti, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, a namiji mai lafiya yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Bjarne Riis, wanda ya ci Tour a 1996 ya kuma amsa a 2007 cewa ya yi amfani da EPO, har laƙabi aka yi masa da "mai kashi sittin". Jini irin wannan ya yi kauri. Ga gumi yana ƙara busar da shi da rana, da dare kuma zuciyar ɗan tsere kan sauka ƙasa da bugu 40 a minti ɗaya. Jini mai kauri da ke tafiya a hankali shi ne ke daskarewa, daga nan sai gudan jini a huhu, ko bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Kafin a samu gwajin fitsari na EPO a 2000, dabarar da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi a 1997 ita ce duk wanda ya haura kashi 50 a dakatar da shi na mako biyu. Da wannan aka fitar da Pantani daga gasar Giro ta Italiya a 1999, saura kwana biyu ya ci.

Abin da za ku lura da shi a wajen Baba: EPO kan tayar da hawan jini, don haka a rinƙa aunawa. Kada a ƙara masa adadi ba da sanin likitansa ba, a kuma duba sinadarin ƙarfe a jininsa, domin in babu shi allurar ba ta aiki sosai.

Tambaya: Idan mutum ya ɗebi jininsa ya ajiye, daga baya ya mayar, ina illar? Ai nasa ne.

Amsa: Nasa ne ranar da aka ɗiba. Jini abu ne mai rai, a ma'ajiyar asibiti ana riƙe shi a sanyin digiri 2 zuwa 6, kuma ko a hakan ba ya wuce kwana 42. A firjin ɗakin otal kuwa, ko a bayan mota, ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ledar, jajayen ƙwayoyin su fashe su toshe ƙoda. A 2011 aka garzaya da ɗan tseren Italiya Riccardo Riccò asibiti rai a hannun Allah, likitan da ya karɓe shi ya ce ya shaida masa cewa jinin da ya ajiye a gida ya mayar wa kansa. Sannan akwai ruɗewar leda. A 2006 'yan sandan Sifaniya sun samu ledojin jini wajen 200 a hannun likita Eufemiano Fuentes a Madrid, an rubuta musu sunayen ɓoye. Leda ɗaya ta ɓata hanya, mutum ya karɓi jinin da ba rukuninsa ba, zai iya mutuwa cikin awanni. A matsayina na likita, abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne abokin sana'ata ne ke riƙe da allurar.

Tun 2008 ana bibiyar jinin kowane ƙwararren ɗan tsere lokaci bayan lokaci, tsarin da ake kira fasfon jini. Wanda ya mayar da jini, ɓargonsa kan rage ƙera sababbin ƙwayoyi, kuma wannan faɗuwar ana ganinta a takarda. Tsarin ya rage ɓarnar, bai kashe ta ba: a 2019 an sake bankaɗo wani likita a birnin Erfurt na Jamus yana wannan sana'a.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 15 yana da asma, yana son tseren keke. Maganin shaƙarsa ƙwaya ce? Na ji an tuhumi Chris Froome a kansa.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Salbutamol, maganin asma na shaƙa, halal ne a wasanni, muddin bai wuce mikrogiram 1,600 a awa 24 ba, wato shaƙa 16 na irin wanda aka saba, bai kuma wuce mikrogiram 600 a awa 8 ba. An samu adadi mai yawa a fitsarin ɗan tsere Froome a gasar Vuelta ta Sifaniya a 2017, amma aka wanke shi a 2018. Yaro ya tafi da maganinsa a aljihu duk lokacin da zai hau keke. Idan har yana buƙatarsa fiye da sau biyu a mako ban da na kafin motsa jiki, asmar ce ba ta kwanta ba, ki kawo shi a duba.

Tambaya: Nakan sha tramadol kafin doguwar tafiya a keke don kada in ji ciwon cinya. Ba gasa nake yi ba, akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma tambayarka ta fi sauran gaggawa. Tramadol dangin mofin ce, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Ba ta ƙara maka ƙarfi, ji kawai take ɗauke maka. Tana kawo jiri da gyangyaɗi, ga mutum a kan taya biyu yana gangara, kuma tana iya tayar da farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. UCI ta haramta ta a gasa a 2019, saboda tramadol ɗin aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana ya samu a Tour ta 2022, WADA kuma ta bi sahu a 2024.

Ciwo da gajiya su ne birkin jiki. Ranar 13 ga Yuli 1967, ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan tsaunin Ventoux na Faransa cikin tsananin zafi, yana ɗan shekara 29. An samu amfetamin, wata ƙwayar ƙara kuzari, da barasa a jikinsa. Maganinsa daban da naka, amma aikin da ya yi masa ɗaya ne: jiki na cewa tsaya, shi bai ji ba.

Idan ka ɗauki makonni kana sha kullum, kada ka yanke rana ɗaya, domin za ka yi fama da rawar jiki, gumi, gudawa da rashin barci. Je ka ga likita, ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha ba tare da ragewa ba, ya tsara maka saukowa a hankali. Ka kuma sa a daidaita maka tsayin sirdin keken, domin sau da yawa daga nan ciwon cinya da gwiwa ke tasowa.