Na'urarka lafiyarta ƙalau, motar Kaka ce ba ta da ƙwaƙwalwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 17, a Jidda nake. Kakana ya bar mini tsohuwar a-kori-kura, Hilux ƙirar 1985 mai kafireta, wadda ya yi shekaru yana dakon kaya da ita tsakanin Jidda da Makka. Ta kusa shekara goma a ajiye. Wata biyar ke nan ina fama da ita bayan na taso makaranta. Na sayi 'yar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta faɗi ciwon mota, na leƙa ƙarƙashin sitiyari kaf ban ga inda ake soka ta ba. Batir sabo ne, amma kwana biyu sai ya mutu. Famfon man da na sayo ta intanet ya ƙi zama. Injin da ake nunawa a YouTube kuma bai yi kama da nawa ba. Abokaina sun ce in kai ta tashlih, wato inda ake farfasa tsofaffin motoci a sayar da kayansu, a yanka in huta. Malam, na gaji.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya saka wa Kaka da alheri. Kada ka kai ta tashlih tukuna, domin duk abin da ka lissafa babu wanda ya kai ga yanka.

Mu fara da na'urar. Ba ka ga ramin ba ne saboda babu shi. Ita ELM327 da kwamfutar mota take magana, wadda 'yan rewaya ke kira ƙwaƙwalwa, ta wani soket mai ramuka 16 na tsarin OBD-II. Sai a 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari, Turai kuma ta bi baya a 2001 ga motocin fetur. Motarka ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Kafireta ke auna mata mai da iska, babu kwamfutar da za ta adana lambar ciwo balle ta aika wa wayarka. Ajiye na'urar, za ta yi aiki a motar gida ta zamani. Abin da wannan tsohuwa ke bukata shi ne mitar awon lantarki, irin mai wayoyi biyu ja da baƙa, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Da ita za ka kama ɓarawon batir. A nan nake so ka natsu, don na ga yara da yawa sun sayi batir biyu, uku, alhali laifin ba na batir ba ne. Saita mitar a ma'aunin volt, ka ɗora a kan kawunan batir mota tana kashe. Cikakken batir yana ba da wajen 12.6. In motar tana tashi, tayar da ita ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In lambar ta tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, ba ta aiki, ko bel ɗinta ya saki.

In caji lafiya lau, to wani abu ne ke tsotsar wuta cikin dare. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Cire wayar nagetif daga batir, mayar da mitar ma'aunin 10A, sannan ka sa ɗaya daga cikin wayoyin mitar a kan nagetif na batir, ɗayar a jikin wayar da ka cire. Kada ka kuskura ka murza makulli mitar tana haɗe haka, ƙonewa za ta yi. Motar da ba ta da kwamfuta bai kamata ta ja komai ba sai ɗan abin da agogo ko rediyo ke ci. In ka ga ta wuce 0.05A, fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallon mitar. Wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ke da ɓarawon. A irin waɗannan motoci na dako, sau da yawa rediyo ne ko fitilar da wani ya jona kai tsaye daga batir shekaru da suka wuce. In ka zare duka ba ta sauka ba, zargi ya koma kan altaneta. Kuma kafin ka gano, riƙa cire wayar nagetif duk dare, domin batirin da ke yawan mutuwa murus ba ya daɗewa.

Maganar famfo da YouTube kuwa tushensu ɗaya. "Hilux 1985" ba mota ɗaya ba ce. Toyota ta fara Hilux a 1968, kuma kowace kasuwa da injinan da ake kai mata. Yawancin bidiyon da kake gani daga Amurka ne, inda ma ba a kiranta Hilux a lokacin, Toyota Pickup suke cewa, injinsu kuma galibi 22R ne ko 22R-E. Buɗe bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfe da aka buga wa lambobi. In lambar ƙirar ta fara da RN, injin dangin R ne. YN dangin Y. LN na dizal. Ɗauki hotonsa da na lambar shasi. Sa lambar shasin a shafin kayan gyara irin PartSouq, zai fito maka da zanen motarka da lambar kowane ƙarfe. Da lambar ƙarfen za ka yi ciniki, ko a kasuwar gwanjo ta Haraj ko a tashlih, kuma ka tafi da tsohon famfon a hannu ka gwada su gefe da gefe kafin ka biya. A YouTube ma sunan injin za ka rubuta. Gwada da Larabci, tunda makanikan nan yankin su ne suka saba da irin taka.

Babban aikin wayarka a wannan gyara shi ne kyamara. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto ta fuska uku, musamman siraran robobin da suka kewaye kafireta, waɗanda in suka rikice sai mutum ya yi mako yana lalube. Manna wa kowace waya takarda mai lamba. Zuba notuka a leda ka rubuta daga inda suka fito. Nemi zanen wayoyin motar ka sauke a waya, kuma ka riƙe cewa a Toyota farar waya mai baƙin layi ita ce mai komawa jikin mota. Wayarka dai kada ka bar ta kan bonet a ranar Jidda, zafi na cinye batirinta.

Abu biyu ne ban yarda ka yi kai kaɗai da bidiyo ba. Birki, bayan shekara goma a ajiye, sai babban makanike ya duba. Kuma kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai. Tankin mai ma a sauke a wanke kafin ka ɗaura sabon famfo, don tsohon fetur ya riga ya zama danƙo. Nemi Baba ko Kawu ya raka ka warsha, wato garejin makanike, ya kuma duba maka maganar istimara, takardar rajistar mota, da fahas, gwajin lafiyar mota, tun yanzu, kafin ka cika 18 ka karɓi lasisi.

Turo mini hoton farantin nan da lambobi ukun da mitar ta ba ka, mota a kashe, mota a kunne, da na tsotsar dare, sai mu ɗora daga nan.