Amsa: Wane otal na maginin Japan zan kwana a ciki?

Malam, ka tambaya ko kuɗin ƙananan otal-otal ɗin da masu tsara gine-gine na Japan suka zana ya cancanta. Idan dare ɗaya kake da shi, ka nufi Benesse House a tsibirin Naoshima. Tadao Ando, mai tsara gine-gine ɗan Japan, ne ya zana shi, aka buɗe a 1992, kuma otal ne haɗe da gidan adana zane-zane. Bangon siminti ne zalla, ba fenti, sumul kamar an goge, haske na shigowa ta ɓangaren teku. Abin da ya fi burge ni, baƙon da ya kwana yana iya zagaya zane-zanen da daddare bayan 'yan kallo sun watse.

Daga tashar jiragen ruwa ta Uno da ke lardin Okayama zuwa tsibirin, jirgin ruwa kusan minti 20 ne. Ɗakunan ba su da yawa, ka kama tun da wuri. Ka kuma tambayi batun abincin halal kafin ka biya.