Amsa ga ƙanena da za a turo Ingila aiki

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kamfaninku zai turo ka Ingila na 'yan makonni ka taya wani kwastomansu kwashe bayanai daga tsohon tsarin kwamfuta zuwa sabo, kana tambaya ko in an gama za ka iya maƙalewa a wurina har ka samu wani aikin. Labarin ma ya riga ka zuwa, don tuni mutanen Ƙofar Ƙaura suka fara yi min barka, wani har da sautun waya. Allah ya sanya alheri. Amma amsar tambayarka a'a ce, kuma ba don ɗakina ya yi kaɗan ba.

Bizar da za a ba ka ta baƙi ce. Iyakarta wata 6, kuma abin da ta yarje wa irinka shi ne ma'aikacin kamfanin waje ya zo ya girka manhaja ko ya gyara ta, in akwai kwangila tsakanin kamfaninsa da na nan. Albashinka daga Najeriya zai ci gaba da fitowa, da naira. Ba ka da izinin kama aiki a hannun kowa, kuma ba a juya wannan biza ta koma ta aiki kana cikin ƙasar. Sai ka koma gida, kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba ka takarda, sannan ka nema daga can. A Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin a ba da bizar aiki daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara, bayan nan ma an ƙara. Wanda ya zarce wa'adinsa kuwa ana iya hana shi shigowa daga shekara 1 har zuwa 10. Masu zuga ka a majalisa kallon kitse suke wa rogo. Ni na san mai digirin kwamfuta a garin nan da ke wanke motoci da takardun wani, mahaifinsa ya rasu bai samu zuwa ko gaisuwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a saƙonka, ko tambaya ɗaya ba ka yi kan aikin ba. To aikin ne zai ba ka wuya. Yawanci daren Juma'a ake rufe tsohon tsarin, a hana kowa shigar da komai, a kwashe bayanai cikin dare, Asabar da Lahadi a yi ta gwaji, Litinin da safe ma'aikata su buɗe sabon. Tsakanin nan babu barcin kirki. Tun kafin ka taso ka nemi sanin wa ke da ikon cewa a dakata, da ƙarfe nawa ne lokaci na ƙarshe da za a iya komawa kan tsohon tsarin in abu ya lalace. In ba a rubuta waɗannan ba, ka matsa sai an rubuta. A nan kowa yana tuna bankin TSB: a Afrilun 2018 suka yi irin wannan sauyi, abin ya cakuɗe, mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin bayanan wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a watan Satumba, a 2022 kuma aka ci su tarar fam miliyan 48 da ɗoriya. Shi ya sa za ka ga kwastoma na zare ido kan abin da kai kake gani ƙarami.

Kuma za su raina ka, ka shirya. A wani kamfani da aka tura ni, manajan ya sa yaron da bai daɗe da gama makaranta ba ya riƙa bin bayan duk abin da na yi, ya kuma tambaye ni a gaban mutane inda na koyi Turanci haka. Na haɗiye. Daren sauyi ni na lura sunayen kwastomominsu 'yan Poland sun lalace a sabon rumbun bayanai, kamar dai yadda ƙ da ɗ namu ke zama alamar tambaya a wasu fom. Adadin layukan bayanai a tsohon tsarin da sabon ya yi daidai, kowa na shirin tafiya gida, na ce a tsaya. Aka gyara kafin asuba. Manajan bai ce na gode ba, amma da kwangila ta gaba ta zo, sunana ya rubuta. Saboda haka kada ka tsaya kan ƙirga layuka kawai, ka buɗe bayanan ka duba da idonka, musamman kwanan wata da sunaye da jimillar kuɗi. Duk abin da aka ce ka yi da baki, ka nemi a turo maka ta imel.

Bayanan mutane kuma wuta ne a ƙasar nan. Tun 2018 dokar kare su ta yi tsauri. Kada ka kwafi komai a filashinka, kada ka ɗauki hoton kanka a gaban allon kwamfuta ka ɗora a WhatsApp don 'yan Katsina su gani.

Alawus ɗin da kake lissafin sayen fili da shi, abinci da mota za su cinye mafi yawansa. Ka adana kowane rasit. In tafiyar ta faɗo Disamba, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba a jere suke, don haka ranar farko ka nemi ɗakin da za ka riƙa salla, ba sa hanawa in ka tambaya. Rigar sanyi kada ka saya, ina da wadda za ta yi maka.

Ka faɗa wa Hajiya kada ta wahalar da kanta da kilishi, ba a shigowa da nama ko nono daga Najeriya, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Kuka da yaji dai a zuba min. Ka turo min ranar tashinka, da ranar komawarka da ke jikin tikitin.