An yi wa mamata tiyatar kansar huhu, gwajin kwayoyin halitta zai nuna ko ta warke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum dokta. Daga Aboabo nake a nan Kumasi. An yi wa mamata tiyata an cire wani yanki na huhunta, an ce kansa ce mataki na biyu, kuma wallahi ba ta taba shan sigari ba. Yanzu an ce mu kawo kudi a aika tsokar a gwada kwayoyin halitta. Dan Allah gwajin nan zai gaya mana ko ciwon zai dawo? Kuma mu 'ya'yanta za mu gada?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da maganar gado dan na san ita ke hana ki barci. Canjin da ake nema a cikin tsokar kansar yake, ya faru ne a huhun Hajiya a tsawon rayuwarta, kusan kullum ba a haifi mutum da shi ba kuma ba ya bin 'ya'ya. Ki kwantar da hankalinki ta wannan bangaren.

Shi kuma ko zai dawo, gaskiya har gobe abin da ya fi nuna mana hanya shi ne girman kumburin da ko ya taba kaluluwar da ke cikin kirji, wato matakin. Wanda aka kama tun kumburin bai wuce santimita daya ba, wajen 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, a mataki na biyu kuwa lissafin yana saukowa tsakanin 50 da 60. To ina amfanin gwajin kenan? Amfaninsa shi ne ya gaya mana ko akwai maganin da aka dinka daidai wuyan wannan kansar, kuma shi ya sa nake son ku yi in da hali.

Kwayoyin halitta biyu ne na fi damuwa da su a gwajin. Na farko EGFR, tun 2004 aka gano canjin cikinsa, kuma an fi samunsa a mata da wadanda ba sa shan taba, kin ga Hajiya kenan. A Turawa masu kansar huhu bai fi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, a mutanen Sin da Japan kuwa ya kusa rabi. Irin wannan kansar tana da halin komowa bayan tiyata, wani lokaci ma a kwakwalwa take bullowa, amma akwai kwaya, osimertinib, da ake sha daya kullum har shekara 3, kuma tana shiga kwakwalwar. A binciken ADAURA da aka yi da mutum 682, wadanda suka sha 88 cikin 100 na raye bayan shekara 5, wadanda ba su sha ba 78. Mutum goma a kowane dari ba karamin abu ba ne in uwarka na cikinsu. Na biyu ALK, shi bai da yawa, bai fi 5 cikin 100 ba, shi ma yana da nasa, alectinib, shekara 2 ake sha, a 2024 Amurka ta amince a bayar bayan tiyata.

KRAS da TP53, wasu kwayoyin halittar ne su ma, za ki iya ganinsu a takardar sakamako, kar su tsorata ki, a wannan matakin ba su cika canza abin da za a yi ba.

Akwai wani sabon gwaji da ake yi da jini bayan tiyata, ana neman burbushin DNA, wato kwayoyin halittar kansar, binciken TRACERx a Ingila ya nuna in an gan shi ciwon ya fi yiwuwar dawowa, watanni kafin sikanin ya nuna komai. Abu ne mai kyau sosai amma rashin ganinsa bai tabbatar da an rabu ba, kuma bai zama gwajin yau da kullum ba tukuna, kar ki sayar da sarkarki a kansa.

Ga abin da zan ce ki yi. Tsokar da aka cire ana daskarar da ita cikin kakin kyandir, dan karamin abu kamar akwatin ashana mai lamba a jiki, ki tabbatar an ajiye kuma ki rubuta lambar, dan da shi za a yi gwajin ba sai an sake taba Hajiya ba. Ki tambayi likitanta, ko a asibitin Komfo Anokye kuke ko na Korle Bu, wane irin kansar huhu ce, irin da ake kira adenocarcinoma ce? In ita ce, ki ce a fara da EGFR da ALK kawai in kudin babban gwajin ya yi nauyi. Sannan ki tambayi kudin kwayar tun kafin ku biya na gwaji, dan tana da tsada kwarai kuma shekaru ake sha, gara dangi su zauna su san abin da ke gabansu. Kuma kar jiran sakamako ya sa a jinkirta kemo in an ce a yi, a mataki na biyu yawanci ana so a fara cikin wata biyu bayan tiyata, sikanin kirji kuma duk wata shida kar a tsallake ko da Hajiya ta ce ta ji garau.