Amsa ga ƙanwarmu mai son kai labarinta unguwar baƙaƙen Amurka masu kuɗi

Assalamu alaikum. Ƙanwata na ga tambayarki tun shekaranjiya, na ce sai na samu zama tukuna dan amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kin gaji da Maitama da Nasarawa, kina so ki kai sabon labarinki Amurka, unguwar baƙaƙen fata masu hannu da shuni, miji yana cin amanar matarsa, kuma kina tambaya wai da gaske akwai irin unguwannin ko a fim ne kawai, sannan ya za ki yi labarin ya zauna. Toh akwai su. Ni na yi shekara huɗu, daga 2015 zuwa 2019, ina shiga ɗaya kusan kullum, ba a matsayin matar gida ba fa, aikin jinyar tsofaffi nake yi lokacin maigidana yana karatu, kuma kin san mai jinya kamar bango take, kowa na magana a gabanta ya manta tana da kunne.

Wurin da na sani shi ne gundumar Prince George's a jihar Merilan, PG suke ce mata, tana manne da birnin Washintan ta gabas. Mutanenta sun kusa miliyan ɗaya, mafi yawansu baƙaƙe, kuma a shekarun baya an daɗe ana kiranta gundumar baƙaƙe mafi arziki a ƙasar. Amma ba duka PG ce ta masu kuɗi ba, wannan ki riƙe shi da kyau. Akwai wani babban titi da ya zagaye Washintan kamar zobe, Beltway, shi ya raba gundumar biyu. Ta cikin zoben, su Capitol Heights da Seat Pleasant da Suitland, nan masu ƙaramin ƙarfi suke. Ta wajensa kuma su Mitchellville da Woodmore da Bowie da wasu sassan Upper Marlboro, nan za ki ga gidaje masu gareji uku, ciyawa a aske kamar an shimfiɗa darduma, wani wurin har da ƙofa da maigadi da filin golf. Idan mutum ya ce miki shi ɗan PG ne, tambaya ta biyu ita ce ciki ko waje, ko ba a furta ba ana yinta a zuci.

Kuskuren da nake gudar miki shi ne ki ɗauko Alhajinmu na gida ki canza masa suna ki ajiye shi a can. Ba zai zauna ba wallahi. Alhajinmu kuɗinsa a hannu yake, shi ya gina gidan, shi ke ciyarwa, in ya ga wata ya ƙara aure magana ta ƙare, sai a koma rigimar kishi da kayan faɗan kishiya. Can babu ƙarin aure, laifi ne a doka, dan haka wadda ke waje a waje za ta dawwama sai dai in auren ciki ya mutu. Sannan arzikinsu yawanci albashi ne, ba dukiya ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne manya, lauyoyi, likitoci, sojoji masu ritaya, masu kwangilar kwamfuta da ma'aikatu. Gidan bashin banki ne na shekara talatin, kuma albashin mutum biyu ke ɗauke da shi, motocin bashi, makarantar yara kuɗi, in ɗaya ya zare hannu rufin ya faɗo kan kowa. Na shiga wani gida a layin da nake aiki, daga waje sai ki rantse fadar sarki ce, amma falo biyu babu ko kujera ɗaya, labule kawai aka sa masu kyau saboda masu wucewa. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 ma sun nuna haka, dukiyar matsakaicin gidan farar fata wajen dala 285,000, ta baƙar fata wajen 45,000. Wato baƙar fata mai babban albashi sau da yawa ba shi da gadon da zai jingina da shi, shi ne ma ake jingina da shi, uwa na jira, ƙani na jira, ɗan 'yar uwa ya shiga rigima a nemo lauya. Wannan kam mun san shi a gida.

Kuma unguwannin nan ba tsofaffi ba ne a hannunsu. A farkon shekarun 1960 kamfanin Levitt ya gina dubban gidaje a Bowie ya ƙi sayar wa baƙaƙe, har zanga-zanga aka yi a 1963, sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya wajen sayar da gida. Yawancin masu kuɗin sun kwararo ne a shekarun 1980 da 1990. Da rikicin bashin gidaje na 2008 ya zo kuwa PG na cikin inda ya fi yi wa ɓarna a Merilan, mutane masu aikin yi da digiri bankuna suka ƙwace musu gidaje, saboda da yawa an ɗora musu bashi mai tsadar ruwa tun farko. Lokacin da na je raunin bai warke ba, za a nuna miki gida a yi ƙasa da murya a ce su wane ne a nan da. Tsoron nan na komawa inda aka fito, shi ne gishirin labarinki, cin amanar kawai ashana ce.

Bari in ba ki abin da idona ya gani, ba zan kama suna ba.

Tsohuwar da nake jinya ta haura tamanin, tana zaune a gidan 'yarta a wani sashe na ƙasa. Tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar asalin Washintan, fatarta jawur kamar Balarabiya, ubanta ya yi jami'ar Howard, tsohuwar jami'ar baƙaƙe da ke Washintan, ita ta yi, 'yarta ta yi. Ko asibiti za mu sai ta sa sarƙar lu'ulu'unta da ɗan mayafi mai ruwan hoda da kore, launin ƙungiyarsu ta matan jami'a ke nan, Alpha Kappa Alpha, wadda aka kafa a Howard ɗin a 1908. Surukin nata kuma, mijin 'yar, ya fi kowa kuɗi a gidan, kamfanin kwangila gare shi, amma a kudu maso gabashin Washintan ya tashi, hayin kogin Anacostia, uwarsa ita kaɗai ta raine shi. Shekara ashirin da aure, tsohuwar nan in tana ba ni labari ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yaron nan na hayin kogi. A gabansa kuwa ladabi kamar me, sai dai in ya riƙe cokali ko ya yi dariya da ƙarfi ki ga ta ɗan lumshe ido. Shi ya sayi gidan da take kwana a ciki amma kullum kamar baƙo yake a teburin cin abinci. Kin ga abin da muke cewa asali, su ma suna da shi, sai dai nasu ana auna shi da wace jami'a kakanka ya yi, wace ƙungiya uwarka take, ina kuke hutun watan Agusta, Oak Bluffs a tsibirin Martha's Vineyard ko kuwa gidan kaka a Karolina, har da hasken fata, ko da yake yanzu ba mai yarda ya faɗa a fili.

Yadda asirin ya tonu ba irin na littattafanmu ba ne, babu jan baki a kwalar riga, babu ƙawa mai kawo tsegumi. Takardar kuɗin hanya ce. Motocinsu suna da wata 'yar na'ura a gilashi, E-ZPass, in ka bi titin biya ita ke cirewa, kuma asusu ɗaya ne na gidan. Shi ofishinsa a Bajiniya yake, kudu ke nan, sai ga lissafi yana nuna motarsa na ratsa ramin ƙarƙashin ruwa na Baltimo, arewa, duk Talata da Alhamis da rana, wata da watanni. Ina kicin ina niƙa wa tsohuwa magani a cikin tuffa matar ta zauna da kwamfutarta a kan teburin kicin tana biyan kuɗaɗen wata, na ga ta tsaya, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta jawo takarda ta fara rubuta ranaku ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗago ta tambaye ni ko Mama ta ci abincin rana. Shi ke nan fa. Ba kuka, ba fasa faranti, ba haɗa akwati a tafi gida yaji, wane gidan ma, uwar tata tana ƙasan bene.

Daga baya tsohuwar ce ta kwance min komai, dan ita ba ta iya riƙe magana in dare ya yi. Abin da ta fara tambayar 'yarta ba wai kina lafiya ba, a'a, wa ya sani. Na biyu, wace ce, 'yar gidan wa ce. Da aka ce mata wata ce da suka yi sakandare tare da surukin tun a tsohuwar unguwarsu, tana aikin gyaran gashi, sai ta yi wani irin murmushi ta ce dama ruwa ba ya wuce inda ya saba kwanciya. Wallahi kamar daɗi ta ji, shekara ashirin tana jiran ranar da za a ce ta yi gaskiya. Ni kuma a raina na ce ƙila can ne kaɗai yake cin abinci ba mai kallon hannunsa, ba wai ina wanke shi ba ne, abin da ya yi cin amana ne ko ta ina aka duba, amma marubuciya dole ta san me ya kai shi.

Me ya hana matar fita? Lissafi. A Merilan in aure ya mutu kotu ce ke raba abin da aka tara a cikinsa bisa abin da ta ga adalci, gidan nan ba wanda zai iya riƙe shi shi kaɗai, sai a sayar. Ga shi kwangilarsa da gwamnati na buƙatar takardar amincewa ta tsaro, kuma ɓoyayyar alaƙa na iya jawo masa tambayoyi saboda ana ganin za a iya yi masa barazana da ita, in takardar ta tafi kamfani ya tafi, kuɗin makarantar yara ya tafi. Wato tona masa asiri tona wa kanta ne. Sannan 'yarsu babba tana shirin bikin fito da 'yan mata, wanda ƙungiyoyin manyan mata ke shiryawa, 'yan mata su sa fararen riguna har ƙasa da safar hannu, uba ya riƙo hannun 'yarsa ya gabatar da ita su yi rawa a gaban jama'a. Wata shida ana atisaye. Aka yi biki lafiya, na ga hotunan, ya sa baƙar kwat yana murmushi, matar na gefensa hannunta a kafaɗarsa, alhali tun watanni a ɗakin kallo na ƙasa yake kwana, ni ke ganin bargonsa a ninke a bayan kujera in na zo da safe. Katin Kirsimeti na shekarar ma duk sun sa kaya iri ɗaya har da karen.

In za ki rubuta, ga 'yan abubuwan da za ki kiyaye. Kar ki cika gidan da 'yan aiki, babu direba babu kuku babu yaran gida, mai shara na zuwa sau ɗaya a sati ko sati biyu, masu yankan ciyawa su zo da motarsu su tafi, matar da ke shugabantar sashe guda a ma'aikata ita ke loda kwanuka a injin wanki da dare. Maƙwabta ba sa shigowa gaisuwa, mutum daga mota sai gareji ƙofa ta rufe, amma kowa na ganin kowa ta kyamarar ƙararrawar ƙofa, kuma akwai ƙungiyar masu gidaje da za ta aiko miki takardar tara in ciyawarki ta yi tsawo ko kin bar kwandon shara a waje. Gulma a coci ake yinta ran Lahadi, coci-cocin PG wasu dubban mutane suke ɗauka, da wurin gyaran gashi, da taron iyaye mata na Jack and Jill, ƙungiyar da aka kafa a Filadelfiya a 1938 dan 'ya'yansu su taso da irinsu, wadda ba a shiga sai wata ta ciki ta gabatar da ke. Ki sa wa matarki tsoron a daina gayyatarta, ya fi mata zafi a kan zagi. In kuma labarinki na wannan lokacin ne, ki sani tun Oktoban 2023 Merilan ta cire zina daga jerin dalilan neman saki, yanzu rabuwar wata shida ce ko saɓanin da ba ya gyaruwa ko yardar juna, dan haka kar ki rubuta mana zaman kotu ana kawo shaidun kama kwarto.

Sannan dan Allah ki sa mutum irina a ciki, ko 'yar Ghana ko 'yar Saliyo ko 'yar Kamaru mai jinya, dan mu ne cike da gidajen nan kuma ta nan za ki samu ƙofar shiga da idon da mai karatunki zai gane. Tsakaninmu da su ma akwai nasa tsamin, suna ce mana 'yan uwa, wata ma ta nuna min zanen kente da ta sayo a Akara, amma ta ƙofar gareji nake shiga, kuma tsohuwar nan sai da ta shekara tana mamakin wai ina da digiri.

Ƙarshen nasu ban gani da idona ba. Tsohuwar ta rasu a farkon 2019, aikina ya ƙare a gidan, a wajen jana'iza shi ne ya ɗauki gaban akwatin yana kuka fiye da kowa, na kasa gane kukan me yake. Bayan kamar wata takwas na bi ta layin zan je wani gidan aiki, na ga allon sayarwa a kafe a ciyawar, ƙaramin yaron ya gama sakandare a watan Yunin shekarar. In kin fara rubutawa ki turo min babi na farko ta akwatin saƙo in duba miki sunayen tituna da yanayin sanyi, dan na taɓa karanta labarin wata da ta sa jarumarta shanya a tsakar gida a Merilan cikin watan Janairu.